Ilimin lambu a bakin fangali yake

Da zarar damina ta ɗauke ƙafa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, gidajen rediyo kan cika da labarin ƙaddamar da noman rani. A kafa rumfuna, a jera buhunan taki da injinan ban ruwa, manya su miƙa wa wasu 'yan tsiraru a gaban 'yan jarida, a yi addu'a a watse. Ban raina wannan ba, domin taki da inji kuɗi ne, kuma talaka yana bukatarsu. Sai dai a shekarun da na yi ina haɗa koyarwa da noman lambu, asarar da rashin sani ya jawo a kan idona ta fi wadda rashin taki ya jawo. Mutum ya sami iri, ya sami taki, ya ci bashin man inji, amma tsutsa ta cinye tumatirin yana tsaye yana kallo, alhali maƙwabcinsa da ke tazarar jifa ya san abin da ya kamata a yi tun kafin ɓarnar ta yi nisa. Shi bai tambaya ba, wancan kuma bai leƙo ba. Wannan giɓin nake so masu lambu da masu mulki su duba, domin toshe shi ba ya cin kuɗi mai yawa.

Ƙauyenmu yana cikin waɗanda ke shan ruwa daga magudanun da suka taso daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Muna da ƙungiyar masu lambu, ni ne magatakardanta. Ba mu da ofis, ba mu da mota. Abin da muke da shi takarda ce guda, wadda muke rubutawa tun kaka mu manna a bangon shagon mai shayi da ke kusa da masallacin Juma'a. A jikinta akwai ranakun zama tun daga renon iri har zuwa kwashe albasa, da abin da za a tattauna kowace rana, da sunan wanda za a je lambunsa. Rana ɗaya ce a mako, bayan la'asar, kuma mun kauce wa ranar kasuwa.

Tsarin yana bin aikin ne. Kafin dashe, lokacin da babu abin gani a fili, zaman hira muke yi a gindin darbejiyar ƙofar mai unguwa: wane iri ne ya yi kyau bara, wanne ya ba da kunya, wa ya sayi iri a gwangwani ya tarar da abin da ya tsiro daban da hoton da ke jiki. Da shuka ta miƙe sai a daina zama, a koma zagaye. A lambun da aka je, mai lambu ne ke fara magana. Ya faɗi ranar da ya yi dashe, takin da ya zuba, kamfa ne ko yuriya ko kashin kaji, sau nawa yake ba da ruwa, me ya fesa. Bayan ya gama sai a shiga tsakanin fangula ana dubawa ana tambaya. Mun hana abu uku tun farko: ba a tallan kaya, ba a maganar siyasa, kuma mai masauki ba ya dafa komai, ruwan sha kawai zai ajiye. Wannan na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci a wurina. Da an bar shi a buɗe, mai hali zai yanka kaji, marar hali ya ji kunyar a zo wurinsa, lambunan masu kuɗi kaɗai za a riƙa gani, su kuwa darasinsu ba ya yi wa mai fangali ashirin amfani.

Abin ya yi kama da gayyar da iyayenmu suka saba, bambancin dai a nan ido ake kai wa mutum gudunmawa da shi, ba hannu ba.

Wata rana a ƙarshen sanyi mun je lambun wani matashi da ya dawo gida bayan ya gama karatu. Tumatirinsa ya yi kyau ainun, ya fara nuna, amma ganyen ƙasa ya yi fari-fari kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce raɓa ce ta ƙona shi, kuma mai shagon magani ya ce ya ƙara murfi ɗaya a kan abin da yake zubawa a famfon feshi. Wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a harkar ya sunkuya ya tsinko ganye ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana, ya kira yaron. A tsakanin fatar sama da ta ƙasa ta ganyen akwai wata farar hanya da aka rarake, da ɗigon baƙin kashi a gefe, can ƙarshenta kuma ga 'yar tsutsa da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba tana motsi. Ya ce masa: "Ɗana, maganinka a bayan ganye yake sauka, ita kuwa tana ciki. Ko murfi goma ka zuba, kuɗinka kake wankewa." Sannan ya ɗauki tumatir guda ya ɗage hular da ke kansa, sai ga 'yar huda kamar ta allura. Yaron ya yi shiru, can ya ce: "To Baba, daga ina take zuwa?" Dattijon bai ce komai ba, ya nuna ƙetaren iyaka, inda wani ya gama ɗiban tumatirinsa na farko ya bar karan a tsaye ya bushe. Mai wurin yana cikinmu. Washegari da safe ya tattara ya ƙone.

Sharon ke nan, kamar yadda manoma ke kiranta, wadda masana ke ce wa Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta gangaro Afirka, ta iso mana. Wanda ya yi noman tumatir a 2016 ba zai manta ba: gwamnatin Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa, farashin kwando kuma ya yi tashin gwauron zabo har Legas. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023. Macen malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita tana iya saka ƙwai fiye da 200, kuma idan zafi ya shigo, cikin kusan wata guda wani sabon zubin ya fito. Shi ya sa mai dashen baya, wanda tumatirinsa zai riski bazara, ya fi kowa shan wahala. Tana kuma saurin sabawa da magani idan an dage a kan iri ɗaya. Duk abin da ke rage ta, wato ƙone ragowar shuka, sauya nau'in magani, kafa tarkon da ke jawo mazan, hutar da fili daga tumatir da gauta da dankalin Turawa, ba ya aiki sosai sai in duk masu iyaka da juna sun yi tare. Ko kai ne ka fi kowa sani a garin, idan na gefenka ya bar kara a tsaye, gobe tana lambunka. Ilimin da ya tsaya a kan mutum ɗaya ba ya tsare ko lambun mai shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya zama malamin manoma a yau. Lokacin da hukumar noma ta jiharmu, KNARDA, take da ƙarfinta, a shekarun 1980, malamin gona kan zo a kan babur a ranar da aka san zai zo. Yawancin waɗancan sun yi ritaya, waɗanda suka rage kuma ƙauyukan da ke wuyan kowannensu sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Gurbin da suka bari mai shagon magani ne ya cike shi. Ba na zargin kowa da mugunta, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma wanda abincinsa yake cikin sayar da kwalba ba zai ce maka ka je ka ƙone kara ba, kwalba zai miƙo maka. Haka ake haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya, yaro ya goya ba takalmi ba abin rufe hanci, a fesa yau a tsinka gobe a kai kasuwa. Latas da kabejin nan 'ya'yanmu ne ke ci ɗanye. Ƙasar Indunusiya ta taɓa shiga irin wannan a noman shinkafa. Yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, annoba ta ƙaru, har gwamnati ta hana amfani da nau'in magani 57 a gonakin shinkafa a 1986. Daga nan ne, a 1989, tare da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara tara manoma ƙungiya-ƙungiya a bakin gona duk mako, su duba shuka da idonsu, su tattauna kafin kowa ya taɓa famfo. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama saboda ya yi aiki.

Ba maganar ƙwari kaɗai ba ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ban ruwa ya zama abin da ya fi cin kuɗi ga duk wanda filinsa ba ya samun ruwan magudana kai tsaye. A zagayenmu mun ga wanda ya mayar da injinsa mai amfani da gas, mun ga mai hali da ya sa na hasken rana, kowa ya faɗi abin da ya kashe da matsalar da ya ci karo da ita. Amma abin da ya fi yaɗuwa bai ci ko sisi ba. Wani bawan Allah ya shimfiɗa bambaron shinkafa a gindin tattasansa. Ya ce kowa ya tura hannu ƙarƙashi. Muka tura, ƙasa da danshi da sanyi, alhali fangalin da ke kusa, wanda aka ba ruwa rana ɗaya da shi, ya bushe har ya tsage. Gani ya kori ji. Da a rediyo aka faɗa, da yawanmu za su ce zancen 'yan boko ne. Kafin ƙarshen watan, bambaron da ake cinna wa wuta ya zama abin nema.

A zaman ƙarshe, bayan an kwashe albasa, lissafi muke yi. Wannan ne zaman da ya fi wuya, domin Bahaushe ba ya son faɗin abin da ya samu, ya fi ƙin faɗin abin da ya rasa. Duk da haka a nan ne muka fahimci cewa yawancinmu muna dashe a mako ɗaya, mu tsinka a mako ɗaya, mu haɗu a kasuwar Kwanar Gafan a rana ɗaya, dillali ya saya yadda ya ga dama, ragowar a yanka a shanya kauɗa. Yanzu mukan yi shawara tun kaka, wasu su yi sammako, wasu su ɗan jinkirta, wasu su raba filin da albasa ko attaruhu. Bai gyara kasuwa ba, ƙauye ɗaya ba zai iya ba, amma ya rage mana faɗawa rami ɗaya gaba ɗayanmu.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuska. Na farko, wa zai buɗe sirrin sana'arsa ga wanda za su haɗu a kasuwa? Na biyu, akwai tsoron baki. Mutum ya ga shukarsa ta yi kyau, sai ya ƙi a taru a kanta, kada a yi mata kambun baka. Ba na yi wa mai wannan tsoron dariya. Mu ma ba ma shiga lambun kowa sai da yardarsa, kuma duk wanda ya ga abin sha'awa ya ce Masha Allah, ya yi wa mai shi addu'ar albarka, haka addini ya koyar. Akwai waɗanda har yau ba su yarda an je nasu ba, amma suna zuwa na wasu, kuma ba mu hana su. Game da sirri kuwa, a duba da kyau wane ne abokin hamayyar mai fangali talatin. Tumatirin da ke sauka kasuwar Mile 12 a Legas daga jihohi da yawa yake fitowa. Maƙwabcinka ya ƙara kwando biyar ba zai motsa farashi ba, amma ya bar sharon ta yi gida a wurinsa zai iya raba ka da jarinka duka.

Akwai kuma masu cewa ai ƙungiyoyin manoma sun yi yawa, me suka tsinana? Gaskiya ne sun yi yawa a takarda. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya kawo alheri, ya yaɗa rijiyoyin bututu da ƙananan injina, ya sauke mutane da dama daga jan jigo. Amma sharaɗin samun tallafi shi ne a kafa ƙungiya, a yi rajista, a buɗe asusu. Haka aka sake yi lokacin bashin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Sai mutane suka koyi cewa ƙungiya hanya ce ta shiga jerin sunaye. Ranar da rabo ya ƙare, ranar ƙungiya ke mutuwa, wani lokaci da rigima da gaba a tsakanin 'yan uwa. Saboda haka ni ina cikin masu roƙon kada a ba irin ƙungiyarmu kuɗi, kada kuma a biya kowa alawus don ya zo zama. Ranar da aka fara raba ambulan, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba za su cika wurin, dattijon nan mai ɗaga ganye saitin rana kuma ya koma gefe ya yi shiru.

Wanda yake shakkar ko ilimi na iya tafiya daga manomi zuwa manomi ba tare da rabon kuɗi ba, ya tsallaka Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Idan aka zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itatuwa. Da farko an yi wa waɗanda suka gwada kallon ragwaye masu ƙazamar gona. Abin da ya sauya ra'ayin mutane shi ne zuwa gonakin da aka yi, su ga gawo da kalgo da sabara a tsaye, gero kuma ya fi na gonar da aka share ƙal, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Ƙauye ya riƙa kai wa ƙauye ziyara. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai hekta miliyan 5. Mutanen nan Hausawa ne irinmu, da irin tsoronmu da irin kunyarmu.

Inda muka yi rauni, kuma yana ci mini rai, shi ne mata. A bayan ɗakuna da gindin rijiyoyin cikin gida akwai lambunan da ba a lissafa su: zogale, rama, lalo, yakuwa, alayyafo, wasu a ƙasa, wasu a tsofaffin bokitai da buhuna, ana ba su ruwan wanke-wanke. Daga nan miyar gidaje da yawa take fitowa a bazara, kuma tsofaffin mata ne ke adana irin da mu maza muka daɗe da watsarwa. Maza ba za su shiga gidan mutane zagaye ba, bai kuma kamata ba. Matan unguwarmu sun fara nasu da kansu bayan an tashi daga Islamiyya, suna zuwa gidan juna, suna musayar iri, har sun fara maganar shanya zogale a inuwa maimakon rana don kada ya yi fari. Abin da suka rasa shi ne mace malamar gona da za ta riƙa shigo musu. Hukumomin noma na jihohi sun taɓa samun sashen mata a harkar noma, ya kamata a farfaɗo da shi da ma'aikata na gaske, ba suna a allon ofis ba.

Matasanmu kuma suna zuwa da waya, kuma ina maraba da ita. Sukan ɗauki hoton ganye mai cuta su tura wa wani masani, wani lokaci amsa ta dawo kafin mu bar lambun. Abin da nake ja musu kunne a kai shi ne bidiyon da aka ɗauka a ƙasar da ba ta san hunturu ba, ba ta san zafin Afrilu ba. A kalla, amma a gwada a fangali biyu tukuna, mu zo mu gani tare.

To me muke nema daga sama? Mutane muke nema. Masu ilimin nan ba nesa suke ba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa tana da reshe a Bagauda. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da tasha a Kadawa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ga kwalejin aikin gona ta Audu Baƙo a Dambatta, ga jami'ar da ke Wudil. Yawancin tarukan da ake kira na horar da manoma a zaurukan otal na cikin birni ake yin su, a kira shugabannin ƙungiyoyi, a nuna musu hotuna a bango, su dawo da jaka da littafin rubutu. Da kowace cibiya za ta ware rana ɗaya a wata a lokacin rani, ta turo mutum ɗaya ko ɗalibanta na shekarar ƙarshe su bi zagayen wani ƙauye, su fara saurare kafin su yi magana, da an ga bambanci cikin rani biyu. Mu za mu iya haɗa kuɗin man babur. Ƙananan hukumomi suna da sashen noma, su ne ya kamata su tattara takardun ranakun ƙauyuka su miƙa wa cibiyoyin nan, gidajen rediyo kuma su riƙa sanar da su yadda suke sanar da ɗaurin aure.

Ga 'yan uwana masu lambu a Kura da Bunkure da Garun Malam, da na bakin Haɗeja da Bakolori da Galmi, kada ku jira sai an turo muku kowa. Mutum goma da suka yarda da juna sun isa a fara, a sami mai rubutu ɗaya, a tsayar da rana, a fara da lambun wanda ya fi kowa ƙarancin hali. Mu namu jadawalin na bana yana da gurbi ɗaya da ba mu cike ba. Filayenmu na gangare, inda kachala ta toshe hanyar fitar ruwa, sun fara yin farin ɓawo kamar kanwa, albasa tana ƙin yin kai, kuma duk cikinmu babu mai kayan auna ƙasa. Muna neman masanin da zai zo ya ɗebi ƙasar ya auna, ya dawo ya gaya mana sakamakon da Hausa kafin lokacin dashe.